Yadda Ake Harhaɗa Tsohon Ɗan Jirgin Roba a Yi Masa Fenti a Kaduna

Idan tsohon kwalin ɗan jirgin roba ya faɗo hannunka, irin na kamfanin Airfix ko Matchbox ko Frog da ya shekara arba'in ko fiye a ajiye, ka bar gam a rufe tukuna. Nemo tire mai baki, ka zazzage komai a ciki, ka ɗauki takardar umarni ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Robar da ta daɗe takan yi gautsi, ƙananan sassa kan ɓalle daga firam ɗinsu, wato sandunan robar da suke zuwa maƙale a jiki, tun a ajiye, su maƙale a naɗin kwali ko a kusurwar leda. In taya ko farfela ta ɓace, gara ka sani yau da ka sani ranar da aiki ya kusa ƙarewa. Gilashin rumfar matuƙi, wanda shi ma roba ce garau, ka ware shi nan take, ka naɗe a tishu ka sa a kwalin ashana. Takardar sitika kuwa ka shimfiɗa ta, ka ajiye rula a gefenta, ka ɗauki hotonta da waya, sannan ka sa ta a ambulan. A duk abin da ke cikin kwalin ita shekaru suka fi yi wa illa.

Wanda zan yi misali da shi Bulldog ne na Airfix, ƙirar shekarun 1970, ma'aunin 1/72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72. Duk wanda ya tashi a Kawo ko Mando a wancan zamani ya san wannan ɗan jirgi ko da bai san sunansa ba, domin da shi sojojin sama suke koyon tuƙi a Kaduna kafin Air Beetle, wanda aka riƙa harhaɗawa a nan garin, ya gaje shi a shekarun 1990. Kamfanin Beagle na Ingila ne ya zana shi, ya fara tashi a 1969, daga baya Scottish Aviation ya ci gaba da ƙera shi a Prestwick. Najeriya ta sayi guda 37. Inji ɗaya gare shi, malami da ɗalibi suna zaune kafaɗa da kafaɗa ƙarƙashin babbar rumfar gilashi mai zamewa baya, tayoyinsa uku ba sa naɗewa. Faɗin fukafukan na gaske mita 10 da ɗan ɗoriya, in ka raba da 72 ka samu kusan santimita 14, tsawonsa kuma bai cika santimita 10 ba. A tafin hannu yake zama. Ina son sa ga mai farawa saboda sassansa kaɗan ne, amma duk wahalar da ake koyo da ita tana jikinsa: yana buƙatar nauyi a hanci, gilashinsa babba ne ba ya ɓoye aibi, kuma in ka zaɓi launin jiragen koyo sai ka yi fama da farin fenti.

Yawancin kayan aiki suna cikin gida ko bakin titi. Abin yankan farce, sabuwar reza, matsefata, tsinken sakace, robar ɗaure kuɗi, fegin shanya. Samfefa ka je wurin masu sayar da fentin mota, a Panteka ko duk inda ya fi maka kusa, ka ce: "Maigida, ta ruwa nake so, baƙar nan, 600 da 1000 da 2000." Jar samfefar kafintoci tana da kaushi, za ta yi wa roba zane mai zurfi da fenti ba zai rufe ba. Burushi biyu sun isa, ɗaya mai faɗin baki mai laushi, ɗaya mai tsini, daga masu sayar da kayan zane.

Gam ne abin da ya cancanci ka yi oda ko ka ba mai dawowa daga tafiya saƙo. Waɗannan jirage da robar folistirin ake yin su, gam ɗinsu kuma narka fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Tamiya Extra Thin, Revell Contacta da Humbrol Liquid Poly duk wannan aikin suke yi. In ka tarar da tsohon bututun gam a cikin kwalin, yawanci ya daskare, ko kuma yana jan zare, ka yar da shi. Sufa gulu yana iya tsayawa a madadinsa a jikin jirgi in ka ɗiga da tsinken sakace, sai dai ba ya ba ka lokacin gyara zama, kuma tururinsa yana sa gilashi yin fari fat daga ciki. Gam ɗin masu takalmi kada ya kusanci teburin.

A wanke sassan tun suna jikin firam, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori. Akwai maiƙon masana'anta a jikinsu, ga na hannayen da suka taɓa su tsawon shekaru, fenti kuma ba ya kama maiƙo. A cikin roba za ka wanke, kada a bakin famfo, don kujerar matuƙi ba ta fi ƙwayar wake girma ba. In fuffuke ya lanƙwashe saboda zafin ajiya, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na ɗan lokaci kaɗan, ka danne shi a kan gilashi ko tayil, ka zuba masa ruwan sanyi yana danne. In bai miƙe ba ka maimaita. Ruwa mai tafasa murɗe shi zai yi, ba kuma ya dawowa.

Wajen cire sassa, yanka nesa da jikin abin, ka bar ɗan tsini, sannan ka bi tsinin da reza da samfefa. Murɗawa da hannu takan ɗebo nama daga jikin tsohuwar roba. Za ka ga wani siririn ɓawo a gefen sassa, inda narkakkiyar roba ta tsiyaye tsakanin ƙarafan zubi, sai ka tsayar da reza a tsaye ka kankare shi. Daga nan ka haɗa jirgin gaba ɗaya da tef, ba gam. Nan za ka ga inda baki bai haɗu ba. Sau da yawa 'yan ƙusoshin robar da aka yi don daidaita ɓarin dama da na hagu su ne suke karkatar da shi. In haka ne yanke su, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka murza bakin kowane ɓari a hankali har ya yi sumul, ka daidaita da ido da yatsa.

Tun yana ɗaure da tef za ka warware maganar nauyi. Duk jirgin da ke da taya a hanci, in aka yi shi da roba, wutsiyarsa takan rinjaya ya zauna a kanta, hanci a sama, saboda nauyin inji babu shi. Ɗora shi a kan fensir daidai inda tayoyin baya biyu za su tsaya, ka riƙa ɗora nauyi a hanci har ya sunkuya gaba, sannan ka ƙara kaɗan. Hancin Bulldog ƙarami ne, ƙarfe ba zai wadatar ba, sai dalma. Masu gyaran taya suna da gutsattsarin da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta, masunta a bakin kogin Kaduna ma suna da ita. Buga ta da guduma ta yi faɗi, yanka ƙanana, cusa a bayan farfela da ƙarƙashin allon agogunan matuƙi, ka kafe da Araldite. Farin gam na kafinta ba ya jituwa da dalma, da shekaru sukan kumbura su tsaga jirgi. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, ragowar kuma ka kulle inda yara ba sa kaiwa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an ja mana kunne da yawa ba.

Cikin jirgi ana yi masa fenti kafin a rufe. Toka-toka a bango da ƙasa, baƙi a allon agoguna, sai ka tsoma bakin tsinke a farin fenti ka ɗiga 'yan ɗigo. Siririn tef da aka shafa wa launi ya isa ya zama bel ɗin kujera, kuma ta wannan babban gilashi za a gan shi sarai. Inda gam zai bi ka kankare fenti, don ba ya narka roba ta kan fenti.

In gam na ruwa ne, haɗa ɓarin biyu tukuna, ka taɓa bakin burushinsa a kan tsagar, zai bi layin da kansa. Jira kaɗan ka matse. Wata 'yar narkakkiyar roba za ta ɓullo a kan layin, kada ka shafe ta da yatsa, ita ce za ta cike tsagar. Ɗaure da robar kuɗi, amma ka kula kada gam ya bi ƙarƙashin robar ya yi maka zane. A bar shi ya kwana. Kashegari ka kankare layin da reza, ka bi da 600 da ruwa, sannan 1000. Ramin da ya rage, ɗiga masa sufa gulu ka goge cikin awa guda, domin in ya kwana ya fi robar tauri, samfefa sai ta cinye gefensa ta bar shi tsaye. Fukafukan Bulldog suna ɗan ɗagowa sama daga jiki zuwa baki. Kalle shi ta gaba, ido a daidai hanci, ka tabbata dama da hagu sun ɗago daidai kafin gam ya kama.

Ga wani abu da nake da ra'ayi mai ƙarfi a kansa. Yawancin kayan wancan zamani layukan jikinsu da kawunan ƙusoshi a tashe suke, na yanzu kuwa a tone. Za ka ga masu nuna gwaninta a YouTube suna goge komai su sake tona sababbin layuka. A tsohon kaya ni ban yarda da wannan ba. Wanda yake son jirgin zamani ya sayi na zamani. Mutanen da suka sassaƙa ƙarafan zubin nan da hannu suka yi, babu kwamfuta, kuma aikinsu ya cancanci a gan shi. Manna tef a dama da hagun layin da za ka goge, ka bar tsiri siriri kawai a buɗe, layukan da ke gefe su tsira. Wanda ya goge a kan haɗin, ana mayar da shi da zaren roba: riƙe guntun firam a saman kyandir, kana juya shi har ya yi laushi, ka janye daga wutar ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe ya zama zare. Yanka daidai tsawon, ka kwantar, ka taɓa da gam kaɗan. Da wannan zaren ake yin eriya ma.

Gilashi in ya yi zane, man goge baki fari da auduga suna fitar da shi, a murza da haƙuri a wanke. In zanen ya yi zurfi fara da 2000 da ruwa. Tsohon gilashi ya fi sauran robar saurin tsagewa, saboda haka cusa masa tishu a ciki kafin ka danna. Da farin gam irin Top Bond ake manna shi, yana bushewa garau, abin da ya fito kuma a share da jiƙaƙƙiyar auduga. Rufe shi da tef ɗin takarda, ka bi ƙarafan rumfar da sabuwar reza, ka ɗaga inda fenti zai hau. Tef ɗin kasuwa yana da ƙarfin kamu, manna shi a bayan hannunka sau biyu kafin ka kai shi jikin jirgi.

Kafin fenti sai an yi shawara da yanayin gari. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ba ta neman izinin shiga ɗaki, busasshiyar iska kuma tana sa roba ta riƙa jawo gashi da ƙura da kanta. Kashe fanka, rufe taga, yayyafa ruwa a ƙasa, ka jira ƙura ta kwanta. Shafe jirgin da ɗan ƙyalle mai danshi. Ka tanadi robar abinci mai zurfi a gefe, kana ajiye burushi ka kifa ta a kansa, da ashana ɗaya a ƙarƙashin bakinta don iska. Warin fenti ba abin zama da shi ba ne a rufaffen ɗaki, kana kifewa ka buɗe taga ka fita. Da damina, musamman Agusta, ƙura ta yi sauƙi amma fenti yana jinkirin bushewa, banish marar sheƙi kuma yakan yi hazo fari in danshi ya yi yawa. Da bazara, Maris da Afrilu, fentin ruwa yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jiki, sai da sassafe. Ni na fi jin daɗin aiki a ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba.

Da fentin mai na Humbrol nake aiki, na 'yan gwangwanayen nan masu mililita 14. Tsohon gwangwani in bai daskare ba yana da rai, sai dai launin ya kwanta a ƙasa. Juya shi da tsinke har ka daina jin gudaji, ka ƙara juyawa. Kada ka shafa kai tsaye daga gwangwani. Ɗebo kaɗan a murfin kwalba, ka sirka da tafentain har ya yi ruwa-ruwa kamar madarar shanu. Kananzir ya yi wajen wanke burushi, amma in ka sirka fenti da shi zai daɗe yana danƙo. Tina ta masu fentin mota tana cin wannan robar, haka ma yawancin fentin feshi na gwangwani in an fesa da kauri. Duk abin da ba ka saba da shi ba, gwada a guntun firam ka bar shi ya kwana.

Shafin farko toka-toka ne marar sheƙi, Humbrol lamba 1 ko 64. Shi zai tona maka duk tsagar da ta ɓuya, ka gyara ka sake shafawa. Jiragen koyo na sojan saman Ingila fari ne a sama, ja a ƙasan jiki da bakin fukafukai, fukafukan kuma toka-toka mai haske. Fari ake fara sawa, kuma a nan mutane suke karaya. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, ka ga kamar ka ɓata aiki. Kada ka koma kansa yana ɗanye. Ba shi aƙalla awa shida, kwana ya fi, ka sake. Sai a shafi na uku ko na huɗu yake rufewa. Dabarar da ta fi yi mini ita ce in yi shafuka biyu da fari marar sheƙi, lamba 34, wanda ya fi rufewa, in ƙare da mai sheƙi, lamba 22. Burushi ya riƙa tafiya gefe ɗaya, daga hanci zuwa wutsiya. Ja, lamba 19, a kan fari yake fitowa da kyau, a kan toka-toka sai ya yi duhu, don haka har inda ja zai hau ka shafa masa fari. Bayan ka manna tef a kan iyaka, fara bin bakin tef ɗin da farin, ya bushe, sannan ja. In wani abu zai tsiyaya ƙarƙashin tef, farin ne zai tsiyaya a kan fari. Cire tef a hankali, kana jan sa baya a kwance.

Mai son ya mayar da shi na gida sai ya nemi hotunan Bulldog na sojan saman Najeriya ya bi launin da idonsa ya gani. Tambarinmu zagaye ne, kore a waje, fari, kore a tsakiya, kuma ana iya yin sa ba tare da sitika ba. Shafa fari a wurin ya bushe sosai. Manna tef a kan gilashi, ka yanke zagaye da bakin bututun ƙarfe da aka wasa ko abin huda takarda, girma biyu. Tef mai babban rami shi ne iyakar waje, ƙaramin zagayen ka manna a tsakiya ya kare farin, ka shafa kore lamba 2 ko 3. Ɗigon tsakiya da gindin tsinke ake sa shi, taɓawa ɗaya.

Yanzu sitika. In ta yi rawaya, sa ta a farar leda ka manna a gilashin taga tana kallon rana. Ranar Kaduna takan washe ta cikin kwanaki, ka dai riƙa dubawa, kuma kada raɓa ko ruwa su taɓa ta. Sannan yanko ɗaya da ba ka buƙata, ka tsoma a ruwa mai ɗumi. In ta zame lafiya, ka yi sa'a. In ta farfashe, sauran ma haka za su yi, sai ka shafe takardar duka da Microscale Liquid Decal Film, ruwan da ake shafa wa sitika don ya haɗe ta, in babu shi da banish mai sheƙi shafi biyu sirara, ta kwana. Bayan haka dole ka yanke kowace sitika daf da launinta, don yanzu duk takardar ta zama fata ɗaya. Tsoma ta ɗan lokaci kaɗan, ka fitar ka ajiye a kan tishu, ta saki da kanta. Kada ka tura ta da ƙarfi. Da burushi mai ruwa za ka zamar da ita daga takarda zuwa jiki, ka danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Tsohon gam ɗin bayanta yakan mutu ko ya zama wani ruwa mai kalar ƙasa, wanke shi da burushi ka sa ɗigon farin gam da aka sirka da ruwa a wurin. A kan fenti mai sheƙi kawai ake manna sitika. A kan marar sheƙi iska takan maƙale a ƙarƙashi ta riƙa ƙyalli. Ɗigon ruwan khal yana taimaka mata ta kwanta a kan ƙusoshin nan masu tashi. Idan duk ta ƙi, hoton da ka ɗauka da rula shi za ka kai wa masu buga takardu su fitar maka daidai girman.

Kashegari share jikin da danshi don cire sauran gam. Banish na mai yakan sa fari ya koma rawaya da shekaru, a kan jirgi fari na fi son na ruwa, shafi ɗaya siriri. Tayoyi, farfela da eriya su ne na ƙarshe, da sufa gulu a bakin tsinke. Baƙin taya ka sirka shi da ɗan toka-toka, baƙi wuluk ba ya kama da roba a wannan girman. Ƙafafun siraran gaske ne, ga dalma a hanci, saboda haka a bar shi kwance a bayansa kan tishu har su kama sosai kafin ya tsaya. Tef ɗin gilashi ka bi gefensa da reza kafin ka ɗaga.

Wani ɗan ƙanena da ya ga nawa tsaye ya ce, "Baba, a ina za a ajiye shi ƙura ba ta ci shi ba?" Tambayar tana kan hanya. Masu yankan gilashi za su haɗa maka ɗan akwati mai santimita 20 kowane gefe, ko ka sa shi a kabad mai ƙofar gilashi, nesa da taga. Kada a ɗora shi a kan talabijin ko gaban mota, zafin rana ta gilashin mota yana lanƙwasa fukafukai cikin yini ɗaya. In ƙura ta hau, busasshen burushi mai laushi ya isa. In kuma bayan duk dalmar ya nace sai ya zauna a wutsiya, yanko ɗan falanki, ka manna masa samfefa mai lamba 600 a sama ta zama kwalta, ka kafe tayoyin uku a kai da ɗigon farin gam.